Waiwaye: kuɗin daji na sojojin Nijar, daga boren Yamai zuwa fagen daga na Tawa

Kuɗin da ke shiga hannun sojan Nijar ba iri ɗaya ba ne. Akwai albashi, mai bin muƙami da shekarun aiki. Akwai kuɗin abinci da ake lissafawa kowace rana bisa kan kowane soja, wanda a takardun Faransanci ake kira PGA. Sai kuma alawus na aiki, wato kuɗin daji, da soja ke samu idan an fitar da shi daga bariki zuwa sintiri ko fagen daga. Tun da aka kafa rundunar sojojin Nijar (FAN) a 1961, in an ji hayaniya a bariki, galibi jinkirin waɗannan kuɗaɗe ne ya tada ta.

A ƙarshen Fabrairun 1992, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Amadou Cheiffou, ƙananan sojoji suka mamaye gidan rediyon ƙasa a Yamai, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya, suna neman a biya su bashin albashi. Baitulmali a bushe take a lokacin, ma'aikatan farar hula ma suna bin watanni. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara zaftare abin da ke aljihun soja. A 1998, zamanin Bare Mainasara, bore ya sake tashi daga Difa.

Na 2002 ya fi duka muni. A ƙarshen Yuli sojojin Difa, Gigimi da Ngurti suka yi garkuwa da manyan jami'an jihar, suna neman ƙarin albashi da biyan alawus da suka maƙale. Tarzomar ta leƙo Yamai a farkon Agusta kafin gwamnatin Tandja Mamadou ta murƙushe ta, aka kama sojoji fiye da 200. Abin lura: barikokin da suka fi nisa da babban birni su ne suka fara.

Dalilin yana cikin hanyar da kuɗin ke bi. Albashi yana da ranarsa. Kuɗin daji kuwa sai kwamandan rukuni ya rubuta sunaye da kwanakin da kowa ya yi, takardar ta hau zuwa hedikwatar yanki (Tawa ce yanki na 4), daga nan Yamai, a sa hannu, baitulmali ta saki kuɗi, sannan su gangaro. Inda babu banki, hannu da hannu ake biya. Idan an yi canjin dakaru kafin takarda ta dawo, mai haƙƙi ya riga ya koma wani gari. Wanda aka kwantar a asibiti sunansa kan faɗi daga jerin. Kuɗin abinci kuma in sun makara, sai a ci bashi wajen 'yan kasuwar ƙauye, kuma bashi ba ya ƙara wa soja ƙima a idon mutanen da yake tsaro.

Daga 6 ga Fabrairu 2015, ranar da Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, zaman daji ya zama na kullum. A 2017 dokar ta-ɓaci ta kai wasu sassan Tilaberi da Tawa. An rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, da 89 a Cinagodar wata guda bayan haka. Ana cikin wannan makoki binciken kwangilolin sayen makamai na 2020 ya fito, inda aka fara ambaton asarar miliyar 76 na sefa. Ba kuɗin alawus ba ne, amma a bariki ba a raba lissafin biyu.

Akwai kuma kwatance da aikin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga Yulin 2018 zuwa Yunin 2022 Majalisar ta riƙa biyan dala 1,428 a wata kan kowane soja, sai dai gwamnatin ƙasarsa ake bai wa, ita ke yanke rabonsa. Duk da haka, tafiya Mali ƙarƙashin MINUSMA, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar, ta fi zaman Tiliya ko Tasara na jihar Tawa tsoka nesa ba kusa ba, har aka rufe aikin a Disambar 2023.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin mulkin soja na CNSP sun kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa (FSSP) a Oktoba, wanda ke tara gudummawa da wani kaso daga kuɗin kiran waya domin tallafa wa jami'an tsaro. Asusun ya buɗe sabuwar ƙofar shigowar kuɗi. Takardar sunaye kuwa, sai ta je Yamai ta dawo.