Haɗewar kamfanonin jiragen sama: abin da doka ta hana da wanda ta bari

Duk sanda kuɗin tikiti ya tashi, sai saƙonni su cika WhatsApp a Kaduna: wai babban kamfani zai haɗiye ƙananan cikin dare, wai wanda ya sayi tikiti ya tafka asara, wai daga nan kuɗin zuwa Legas sai abin da mai jirgi ya ga dama. Masu sayar da tikiti a titin Ahmadu Bello Way sun gaji da amsa tambayar. To, ga yadda dokar take.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da haƙƙin masu saye. Ta shafi kusan kowane irin kasuwanci, har da na jirage. Idan jimlar cinikin shekara a Najeriya na kamfanoni biyun da za su haɗe ta kai naira biliyan 1, ko na wanda za a saya ya kai miliyan 500, dole a sanar da hukumar kafin a taɓa komai. Da wuya a sami kamfanin jirgi mai aiki da bai wuce wannan ba. Ga kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama mai ba da lasisin tashi, ita ma sai ta yarda. Maganar cikin dare dai babu ita.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne batun iko. Da yawa sun ɗauka sai an sayi fiye da rabin hannun jari kafin a ce an haɗe. Wannan hanya ɗaya ce kawai. Wanda zai iya naɗa mafi yawan daraktoci, ko ya hana a naɗa su, doka ta ɗauke shi mai iko. Haka ma wanda maganarsa ke juya manufofin kamfani, ko da kashi 30 ne a hannunsa. Ka ga kenan attajiri ba zai laɓe bayan ƙaramin kaso yana tuƙa kamfanoni biyu ba.

Wanda ya aiwatar da babbar haɗewa, wato wadda ta kai waɗancan adadin, ba izini, cinikin ya zama banza a idon doka, kuma ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikin shekarar da ta gabata. A lura, daga ciniki ake lissafi, ba daga riba ba. Kamfanin da man jirgi da canjin dala suka cinye masa riba, wannan tarar kaɗai za ta iya durƙusar da shi. Sai dai kashi 10 iyaka ce, ana iya yanke ƙasa da haka.

Tikitinka kuwa, sauya masu hannun jari ba ya goge alƙawarin da ke kan kamfani. Ko a ɗauke ka, ko a maida maka kuɗinka.

Masu kawo kamfanin jirgin Arik a matsayin misalin haɗiyewa su sani, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta karɓe shi ne a Fabrairun 2017 saboda bashi, kamar yadda ta karɓi Aero Contractors a 2016. Mai bin bashi ne ya zo, ba abokin gasa ba. Nigeria Air, kamfanin jirgin ƙasa da gwamnati ta so kafawa, shi ma wata magana ce daban: Ethiopian Airlines aka so ba kashi 49, kamfanonin gida suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar a Agustan 2024.

Akwai wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe. Cikin abubuwan da hukumar ke dubawa har da ko kamfanin da za a saya yana dab da mutuwa, da kuma makomar ma'aikata. Wasu na ganin ƙofar cuta ce. Ni ina ganin hankali ne. A Amurka, alƙali ya hana kamfanin jirgin JetBlue sayen takwaransa Spirit a kan dala biliyan 3.8 a Janairun 2024, don kare masu neman tikiti mai araha. Kafin shekarar ta ƙare, Spirit ya shigar da takardar karayar arziki.

Amma a nan ne dokar ta gaza mana. Filin jirgin Kaduna da ya ɗauki nauyin jiragen Abuja na mako shida a 2017 lokacin da aka rufe filin Abuja don gyara, bayan harin da 'yan bindiga suka kai masa a Maris 2022 kamfanoni suka janye daga gare shi. Babu wanda ya sayi wani, babu takardar da aka kai wa FCCPC, amma fasinja ya wayi gari ba shi da zaɓi, sai ya bi hanyar Abuja ko Kano ya hau jirgi. Sashen dokar da ya shafi haɗewa yana tsare kasuwa ne daga masu haɗa kai. Ba shi da abin cewa idan kamfanoni suka mutu ɗaya bayan ɗaya ko suka tattara nasu ya nasu, kuma ta wannan hanyar ce jiragen Najeriya suka fi raguwa, tun daga Nigeria Airways a 2003.