Rikicin manyan gine-gine ba a kotu yake farawa ba

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar ɗan kwangila da mai aiki sun saɓa kan kuɗi ko jinkiri, sai lauyoyi su ɗauki jaka a nufi kotu. A manyan ayyuka kamar gada ko madatsar ruwa, abin ba haka yake tafiya ba.

Tun ranar sa hannu ake shata hanyar warware rigima a cikin takardar kwangilar. Dubi tsarin kwangila na 1999 na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da dama. A ce ana haƙa harsashi sai aka ci karo da dutsen da ba a zata ba, injuna suka tsaya cak. Kwana 28 kacal ɗan kwangila ke da su ya sanar a rubuce cewa yana neman ƙarin lokaci ko kuɗi. Ya wuce haka, ko da gaskiya na gefensa, haƙƙin ya tafi. A ganina nan aka fi yin asara, wasiƙa guda ce fa!

Injiniyan aikin ne ke fara yanke shawara. In ba a gamsu ba, sai kwamitin ƙwararru, mutum ɗaya ko uku, ya ba da hukunci cikin kwana 84, kuma dole a bi shi nan take, aiki na ci gaba. Wanda bai yarda ba, sai ya je gaban masu sasanci, wato masu yanke hukunci a wajen kotu, waɗanda yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ake iya zartar da hukuncinsu a ƙasashe fiye da 160. Galibi sai a wannan gaɓar kotu ke shigowa, don tilasta biya.