Aikatau na Turanci "get": ma'anoninsa da yadda ake amfani da shi

Get yana cikin aikatau da aka fi furtawa a harshen Turanci. A jerin da aka fitar daga rumbun rubuce-rubucen Turanci na Oxford, shi ne na biyar, bayan be, have, do da say. Ma'anarsa ta asali ita ce samu, amma ya yi rassa har ya ɗauki ma'anar zama, isa wuri, saye, ɗauko abu, ganewa, da sa wani ya yi aiki. Abin da ya haɗa kusan dukansu shi ne sauyi: ko abu ya shigo hannun mutum, ko mutum ya shiga wani hali, ko ya kai wani wuri.

Asali da siffofi

Kalmar aro ce daga geta na tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, wato mayaƙan teku da ake kira Vikings, waɗanda suka mamaye gabashi da arewacin Ingila tun daga ƙarni na 9. Ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekarar 1200. Kafin nan Turanci yana da danginta a cikin kalmomin da suka zama forget da beget a yau. Wannan asali ne ya sa ake furta baƙinta na farko kamar g na "gemu", ba kamar j ba.

Shuɗaɗɗen lokacinsa got ne, kuma ana ninka t a getting. Siffa ta uku, wadda ke bin have, ita ce ta raba kan Turawa: a Birtaniya got, a Amurka gotten. Da yawa suna ɗauka Amurkawa ne suka ƙirƙiri gotten, alhali tsohuwar siffa ce da suka riƙe bayan Ingila ta yar da ita, sai a irin su ill-gotten, abin da aka samu ta haramtacciyar hanya.

Ma'ana tana ga kalmar da ta biyo baya

Haddace ma'anoni ɗaya bayan ɗaya wahala ce marar riba. Abin da ya fi wa mai koyo shi ne duba abin da ya zo bayan get.

Idan suna ne, ma'anar ita ce samu ko karɓa: She got a letter, ta sami wasiƙa. Yanayin magana kan karkatar da ita zuwa saye ko ɗauko. Get me a chair na nufin ɗauko mini kujera. Haka kuma kamuwa da ciwo, kamar a He got malaria. A maganar baka, I get it na nufin na gane.

Idan sifa ce, get ya koma zama ko shiga hali: It is getting dark, duhu ya fara yi, He got angry, ya fusata. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin be yana nuna halin da ake ciki, get kuwa shigar halin yake nunawa. She was married na cewa tana da aure a lokacin, She got married kuma na cewa ta yi aure. Idan wuri ne ya biyo, ma'anar ita ce isa: We got to London, mun isa Landan. Ba a sa kalmar to kafin home, here da there, sai a ce get home kawai.

Akwai kuma ginin da ke nuna abin da ya afka wa mutum: He got arrested, an kama shi. Nahawu ya yarda a ce was arrested, amma got ya fi zuwa da abin da ya faru ba zato, sau da yawa marar daɗi, wani lokaci ma da alamar cewa mutumin yana da hannu a abin da ya same shi. Ba ya tafiya da aikatau na hali mai ɗorewa, shi ya sa ake cewa is known, ba a cewa gets known da wannan ma'ana.

Wajen sa wani aiki, get yana buƙatar to: I got him to sign, na shawo kansa ya sa hannu. Make da have ba su buƙatarsa, kuma make yana ɗauke da tilas. I got the car repaired kuwa na nufin na sa an gyara motar, ba ni na gyara ba.

Have got

Duk da kamanninsa na abin da ya wuce, I have got a pen yanzu yake nufi: ina da alƙalami. Have got to kuma dole ne, shi ake taƙaitawa gotta a baki. Ba'amurke yana bambanta I've got money, ina da kuɗi, da I've gotten money, na samo kuɗi, bambancin da Turancin Birtaniya ba ya nunawa da siffar kalmar.

Tare da ƙananan kalmomi

Wasu a fili suke: get up tashi, get out fita, get back dawowa. Ana cewa get on ga bas, jirgi da keke, amma get in ga ƙaramar mota. Wasu kuwa sai an koye su ɗungurungum. Get over murmurewa ne daga ciwo ko baƙin ciki, get by lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, get along with jituwa da mutum, get away with kuma aikata laifi a sha.

Malaman rubutu sun daɗe suna hana ɗalibai get, suna cewa a sa obtain, receive, become ko arrive. Shawarar ta dace da rahoto, takardar neman aiki da rubutun ilimi. A hira kuwa, wanda ya ce I obtained a cold a maimakon I got a cold ya yi kuskure, domin obtain na abin da aka nema ne da gangan, mura kuwa ba a nemanta.