Waiwaye: Yadda Fim Ɗin Hausa Ya Bar Sinima Ya Shige Uwar Ɗaki

Duk ranar Juma'a shafukan gidajen sinima na Legas da Abuja kan cika da fastocin sababbin finafinan da za a fara haskawa a ƙarshen mako. Na Kudu biyu ko uku, na Amurka ɗaya, wani lokacin har da na Indiya. Ka duba sama ka duba ƙasa, da wuya ka ci karo da na Hausa, in ba lokacin Sallah ba. Daga nan sai musu ya kaure a Facebook. Wannan ya ce 'yan fim ɗinmu ne ba sa yin aikin da ya kai a ɗora shi a babban allo. Wancan ya ce YouTube ne ya cinye kasuwar. Wani ya ce ai mutumin da ke neman na cefane ba ya maganar tikiti. Musun ya ƙara zafi tun da fim ɗin jarumar Kudu Funke Akindele da ya fita a Disambar 2023 ya tara sama da naira biliyan ɗaya a sinima, abin da wani fim ɗin Nijeriya bai taɓa yi ba kafin nan. Mutane suka dinga tambaya: mu me ya hana mu?

Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma duk suna magana kamar jiya abin ya faru. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Kano ba baƙuwar sinima ba ce. Kafin gidajen kallo, iyayenmu sun san majigi, motar Turawan mulki da ke zagaya gari da ƙauye tana haska hoto a bango. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa, sannan sauran suka biyo baya a hankali: Plaza, Orion, Eldorado, Wapa, Queens, Marhaba. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka fara riƙe harkar, su ne kuma suka shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950, har suka kama gari suka ture na Turawa gefe. Samarin wancan zamani sai da suka raɗa wa jaruman suna, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Daren Juma'a kuwa ba masaka tsinke a bakin ƙofa. Wato abin nan da ake kira fitowar ƙarshen mako, wanda yanzu muke hange daga nesa, mun taɓa yin sa a nan.

Sai dai tun farko gidan ya taso da tabo. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma da yawa a gari suka fassara abin da cewa ishara ce. Da aka zo buɗe Palace a cikin birni jim kaɗan bayan haka, sai da aka kai ruwa rana, daga baya ma ginin ya koma asibiti. Yawancin gidajen ba su da rufi, dole a jira duhu, don haka kallo ya zama harkar dare, harkar maza. Macen da aka gani a can ta gama jawo wa kanta magana. Bayan haka sai dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu gidajen, faɗuwar naira daga 1986 ta sa shigo da fim daga waje ya yi tsada, injina suka tsufa ba gyara. Wannan duk an sha faɗa.

Haka nan an sha faɗin abin da ya biyo bayan shekarar 2000, lokacin da aka dawo da shari'a a Kano, aka dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan aka kafa hukumar tace finafinai a 2001. Masu musu sun fi son su tsaya a nan, domin akwai kwanan wata da za a nuna da yatsa. Ni dai a ganina lokacin da aka zo nan, an riga an yi sallama tsakanin fim ɗin Hausa da ƙofar sinima. Rabuwar ta faru ne a shekaru goman da suka gabaci wannan lokacin, a hankali, ba hayaniya, kuma wani ɗan kwali ne ya yi ta.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don kasuwa. Abin da matasan yanzu ba su sani ba shi ne, masu shirya finafinan farkon nan ba su guji sinima ba. Sukan ɗauki fim ɗinsu su zagaya da shi Kano, Kaduna, Jos, Katsina, a haska da na'urar bidiyo, a raba kuɗin ƙofa da mai gida, sannan a sake shi a kaset. Sinima ce zangon farko, kaset na biyu. Da tafiyar ta ɗore a haka, da yau wani zancen ake yi.

To amma kaset ya gano wasu 'yan kallo da sinima ba ta taɓa sanin da zamansu ba: matan aure. Bidiyo da talabijin suka shiga jerin kayan ɗakin amarya, kusa da gado da kwanukan jere. Ina tuna ɗakin yayata a farkon aurenta. Da an yi azahar an gama girki, maƙwabta za su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da goyo, waccan da tsintar shinkafarta a faranti. Ni ne ɗan aike. "Kai auta, ruga shagon haya ka ce a ba ka na biyun, in an karɓa ka tsaya har a dawo da shi." In na dawo a tarar wanda ya kalla kafin mu bai mayar da zaren baya ba, sai an sa a 'yar na'urar juyawa ta hannu ana yi ana mita. In aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo, ɗakin ya ɗauki salati gaba ɗaya. Kaset ɗaya, mace goma sha, ba wadda ta taka ƙofar gida. Ka lissafa irin wannan ɗaki a Kano, a Zariya, a Sakkwato, a Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi, sai ka ga taron da duk gidajen sinimar Arewa a haɗe ba za su iya ɗauka ba.

Kuɗi kuwa inda jama'a suke nan yake bi. Tsarin da ya kafu a shagunan Bata da Ƙofar Wambai mai sauƙi ne. Furodusa ya gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwalin kaset mai ɗauke da hotunan jarumai. Ya kai wa 'yan kasuwa uwar kaset ɗin, su kuma su sayi kaset marar komai su dinga kwafa da nasu injinan. Abin da furodusa ke sayarwa shi ne kwalin. Kwali nawa aka saya, shi ne cinikinsa. Sau da yawa ma bashi ake karɓa, sai an sayar a biya, wanda ya yi kwantai a dawo masa da abinsa. Ba mugunta ba ce ta kawo tsarin, rashin jari ne: mai fim ba shi da kuɗin sayen dubban kaset da injinan kwafa, ɗan kasuwa kuma yana da su, yana da dillalai har Nijar da Kamaru. Kowa ya ga ya samu sauƙi.

Amma dubi abin da kwalin nan ya yi wa sana'ar. Tunda kowane kaset da kwalinsa, labari ɗaya sai a raba shi biyu ko uku, a yanke daidai inda rai ya tashi, a rubuta mu haɗu a kashi na biyu. Tunda fuskar da ke kan kwali ita ke jawo mai saye, sai aka koma neman fuska kafin a nemi labari. Tunda tallar fim mai zuwa a farkon kaset ake sa ta, kuma waƙa ta fi saurin kama zuciya a minti biyu, sai waƙa da rawa suka zama ƙashin bayan talla. Tunda a ƙaramar talabijin za a kalla, cikin kukan yara da hirar maƙwabta, ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kan haske da sauti. Kyamara ta matso kusa da fuska, zance ya yi yawa, fili ya ragu. Ba ina cewa aikin banza aka yi ba, an yi finafinan da har yau ake tunawa. Amma an ɗinka rigar ne daidai jikin ɗaki, ba daidai jikin allon sinima ba.

Abu mafi girma da aka rasa shi ne ƙofa. A sinima akwai mai yanka tikiti, akwai lissafin kai nawa suka shiga daren Juma'a, nawa suka dawo Asabar. Wannan lissafi shi mai zuba jari ke dubawa. A tsarin kwali, mai fim bai san mutum nawa suka kalli aikinsa ba. Kaset ɗaya a shagon haya zai iya zagaya unguwa guda, shi ko sisin kwabo bai ƙaru da shi ba. Zagayen sinima kuma ya koma wahala: ka yi hayar mota, ka kwana a tasha, ka raba ɗan abin da aka samu, alhali kwali na jiranka a Kano. Sannu a hankali ranar fitowar fim ta tashi daga daren Juma'a a bakin Plaza, ta koma safiyar da kaya suka iso shago. Lokacin da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, kaset ne ke riƙe da ita.

Gidajen sinimar su ma ba su yi wani yunƙurin bin sababbin 'yan kallon ba. Ba rufi balle a yi kallon rana, ba wurin da magidanci zai zauna da iyalinsa hankali kwance. Suka ci gaba da jiran samarin dare, samarin kuma suna ta zamewa zuwa gidajen kallon ƙwallo.

Sauran labarin gajere ne. Faifan CD ya maye gurbin kaset, kwafa ta ƙara sauƙi. Sannan waya ta zo, masu tura fim suka baje kwamfutoci a bakin titi, a cika maka memori da finafinai a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Wanda zai kalla a waya me zai yi da kwali? Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, kuma ba wata ƙofa ta biyu da za a koma. Legas ta sha irin wannan bugu, amma can an fara gina sinimomin zamani tun 2004, lokacin da Silverbird ta buɗe, don haka masu fim suka samu inda suka dafa. A nan sai bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014 aka samu irin wannan sinima mai rufi da sanyi, inda mace za ta shiga da rana da 'ya'yanta ba wanda ya ɗaga ido. An kai finafinan Hausa can, musamman da Sallah, an kuma ga layi. Sai dai allo ƙalilan a birni ɗaya ba sa mayar da jarin fim, ga annobar korona ta 2020 ta zo ta rufe ƙofofin na tsawon watanni. Masu fim suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, waɗanda in ka lura da kyau, mu haɗu a kashi na biyun nan ne ya dawo da sabuwar riga.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce na ce wa yayar tawa ta shirya in kai ta sinima, tunda yanzu har da mata da yara ake shiga. Ta dube ni ta yi dariya. Ta fi shekara ashirin da biyar tana kallon finafinan Hausa, ta san jarumai har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sayen tikiti ba. Ta ce, "Auta ke nan. Ni da girmana a gan ni a silima? In ya fito ka turo mini a waya."