Yadda kotu ke auna takunkumin gwamnati kan magana da taro a Najeriya

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, na 40 kuma 'yancin taro cikin lumana. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu, muddin doka ce ta tanadi hakan kuma hankali zai ɗauka a mulkin dimokuraɗiyya.

Alƙali yakan fara da tambayar wace doka aka dogara da ita, domin sanarwar minista ko ta kwamishinan 'yan sanda ba doka ba ce. Nan Gwamnatin Tarayya ta sha kaye a Kotun ECOWAS da ke Abuja a Yulin 2022, kan rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. In akwai doka, sai a duba ko matakin ya fi ƙarfin barazanar. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sharaɗin neman izini kafin taro a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007. Hujjar mai ƙarfi ce: tsoron tarzoma bai isa a hana taro ba, tunda akwai dokokin hukunta wanda ya tayar da ita.

Wanda aka tauye yana zuwa Babbar Kotu bisa sashe na 46 da ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009. Lauya zai shigar da buƙata, da takardar rantsuwa mai bayyana abin da ya faru, da rubutaccen jawabi. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani. Kotu kan kori ƙarar idan ainihin koken wani abu ne daban, kamar korar ma'aikaci, aka raɓa masa tauye haƙƙi.

Babban rauni shi ne lokaci. Hukunci kan zo bayan ranar taro ta wuce, ita kuwa gwamnati tana iya samun umarnin wucin gadi ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba. Haka aka yi ranar 31 ga Yulin 2024, jajibirin zanga-zangar tsadar rayuwa, lokacin da Babbar Kotun Abuja ta taƙaita masu zanga-zanga a filin wasa na MKO Abiola.