Neman tsofaffin manhajoji da kayan ɗaukar kiɗa na kwamfutocin da: tambayoyi da amsoshi

Har yanzu akwai masu neman Atari ST ko Amiga ko tsohuwar Macintosh don aikin kiɗa. Wasu suna son buɗe waƙoƙin da suka ajiye a faifai tun shekarun 1990, wasu kuma sautin waɗannan na'urori ne ya kama su. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ɗauka abu guda za a nema. Tsohuwar manhajar kiɗa ba ta tafiya ita kaɗai. Tana da kwamfutarta, da katinta, da wayarta, da makullinta, kuma idan ɗaya ya ɓace sauran sun zama kayan kallo.

Da gaske tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukar kiɗa?

Tana iyawa, amma sai an rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ɗaukar MIDI da ɗaukar sauti.

MIDI tsari ne da ya fito a 1983, bayan kamfanoni irin su Roland da Sequential Circuits sun amince da hanya guda da kayan kiɗa za su riƙa magana da juna. Abin da ke bin wayar MIDI ba sauti ba ne, umarni ne: wane maɓalli aka danna a fiyano, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Waya guda tana ɗaukar tashoshi 16, wato hanyoyin umarni daban-daban da kowace ke iya kaɗa nata sautin. Kwamfuta ta rubuta wannan umarni, in an ce ta maimaita sai ta aika wa na'urar kiɗa, ita kuma ta fitar da sautin. Saboda umarni ba shi da nauyi, waƙoƙi da dama suna shiga faifan filofi guda.

Ɗaukar sauti kuwa, wato muryar mawaƙi ko jita ta shiga kwamfuta kai tsaye, wani babban aiki ne. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10. A ƙarshen shekarun 1980 rumbun ajiya mai megabait 20 ko 40 shi ne ruwan dare, ka ga ke nan waƙa ɗaya ta isa ta cika shi. Shi ya sa situdiyo na wancan zamani ke barin kwamfuta ta juya kayan kiɗa, murya kuma a ɗauke ta a kan tef. Sai da Digidesign ta fito da Sound Tools a 1989 da Pro Tools a 1991 ɗaukar sauti a kwamfuta ta fara zama sana'a, kuma ko a nan katin da ake sokawa a cikin kwamfutar ne ke ɗaukar nauyin aikin.

Saboda haka kafin ka nemi komai, tambayi kanka wanne kake so. Mai son ɗaukar murya da ya sayi Atari 1040ST ya sayi na'ura mai kyau, amma ba ta aikinsa ba.

To wace kwamfuta ce ta dace da wane aiki?

A ganina manhaja ake fara zaɓa, ita ce za ta faɗa maka kwamfutar.

Idan MIDI kake so, da wuya ka wuce Atari ST. Ta fito a 1985 da kafofin MIDI a jikinta, ba sai an ƙara mata komai ba, kuma wannan ne ya sa ta cika situdiyo na Turai. A kanta Cubase ta kamfanin Steinberg ta fara fitowa a 1989, a kanta kuma C-Lab suka yi Creator da Notator, waɗanda daga zuriyarsu Logic ta fito. Masu amfani da ita har gobe suna yabon yadda take riƙe bugun kiɗa daidai, kuma akwai dalili: manhaja guda take gudanarwa, babu wasu ayyuka a ɓoye da za su shiga tsakaninta da wayar MIDI. Ka lura dai cewa yawancin manhajojin kiɗanta an yi su ne don allo mai fari da baƙi na SM124, mai ɗigo 640 a kwance da 400 a tsaye, wanda talabijin ba ya iya nunawa.

Amiga daban take. Guntun sautinta mai suna Paula yana fitar da muryoyi 4 da kansa, kuma a kansa aka gina manhajojin taraka, inda ake jera gutsattsarin sauti a layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Karsten Obarski ya buɗe wannan hanya da Ultimate Soundtracker a 1987, ProTracker da OctaMED suka biyo baya. Don shigar da sauti sai an haɗa mata ɗan akwatin ɗauka ta kafar firinta. Commodore 64 ta 1982 kuwa, saboda guntun sautinta mai suna SID, mai muryoyi 3, ake nemanta.

A ɓangaren PC akwai Cakewalk, wadda ta fara a kan DOS, tsohon tsarin gudanar da PC, a 1987, da FastTracker II da Impulse Tracker, daga baya kuma Cool Edit da Sound Forge a zamanin Windows 95 da 98. Macintosh ita ce gidan Pro Tools da Performer da Studio Vision. Wanda burinsa ya ɗauki murya da kayan kiɗa a layuka da yawa, kwamfutar ƙarshen shekarun 1990 ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Ina ake samun manhajojin yanzu?

Da yawansu masu kishin adana tarihi sun kwafe su sun ajiye a intanet. Internet Archive na da tarin faifai da littattafan jagora da tsofaffin mujallu, kuma Wayback Machine ɗinsu na iya kai ka shafin kamfanin da ya mutu tun tuni, wani lokaci har da direbobin da ke kansa, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi aiki da kati ko akwati. Aminet rumbu ne na Amiga tun farkon shekarun 1990. Macintosh Garden na tara na Mac.

Wasu manhajojin tun asali kyauta ne, kamar ProTracker. Wasu masu su ne suka sake su daga baya: Propellerhead ta daina sayar da ReBirth a 2005 ta ba da ita kyauta, Digidesign ta taɓa fitar da Pro Tools Free don Mac OS 9 da Windows 98, Jeffrey Lim kuma, wanda ya rubuta Impulse Tracker, ya saki asalin rubutun shirinta a 2014. Amma daina sayar da manhaja ba ya kashe haƙƙin mallakarta. Apple ta sayi Emagic, kamfanin Logic, a 2002, Adobe ta sayi Cool Edit a 2003 ta mayar da ita Audition, Gibson ta sayi Opcode, kamfanin Studio Vision, a 1998. Haƙƙin ya koma hannun wani ne kawai. Hanya mafi tsafta ita ce sayen kwalin asali daga hannun wanda ya gama da shi, a eBay ko Reverb ko wurin situdiyon da ke rage tsofaffin kaya.

Littafin jagora ma ka neme shi da gaske. Waɗannan manhajoji ba su da taimako a cikinsu kamar na yau, kuma Notator ba abar da za ka gane da lalube ba ce.

Na sami manhajar amma ta ƙi tashi. Me ya faru?

Galibi makulli ne babu. Kamfanonin kiɗa sun yi fama da masu kwafe, sai suka ɗaure manhajojinsu da ɗan ƙaramin makulli da ake kira dongul. Cubase da Notator na Atari suna buƙatar a soka shi a kafar katirij da ke gefen kwamfutar. Na PC a kafar firinta yake shiga, na Mac kuma sau da yawa ta wayar kibod. Makullin wani bugu ba lallai ya buɗe wani bugun ba, don haka ka tabbatar lambar bugun da ke faifai ta dace da makullin. Kada kuma a soka ko a zare shi kwamfuta na kunne.

Wata dabarar ta fi wannan ban takaici. Wasu manhajojin Mac suna zuwa da faifan izini mai ƙidayayyun izini a ciki, ana ɗauke ɗaya a kai rumbun ajiya. Idan mai shi na farko bai mayar da izinin cikin faifan ba kafin ya goge rumbunsa, faifan da za a sayar maka fanko ne ko da kwalin na ƙyalli. Wannan tambaya ce da dole ka yi wa mai sayarwa.

Akwai kwafe da aka fasa musu makulli suna yawo. Ban da matsalar haƙƙi, wasunsu na tsayawa cak a tsakiyar aiki, kuma waƙar da ba ka adana ba ta tafi ke nan.

Me zan duba kafin in sayi kati ko akwatin sauti?

Ka ƙirga guntayen. Tsohon tsarin Pro Tools kati ne a cikin kwamfuta, da akwati irin 882 ko 888 a waje, da waya ta musamman da ke haɗa su, wani lokaci da ƙarin katunan lissafi da siririyar wayar da ke sada su. Digi 001 ma kati ne da akwati da waya. Ana yawan ganin akwatin shi kaɗai a kasuwa, domin katin ya tafi cikin kwamfutar da aka zubar. Akwati ba kati ba ya komai, kuma neman wayar ita kaɗai na iya fin neman akwatin wahala. Haka MPU-401 ta Roland ta 1984, mai ba kwamfuta kafofin MIDI: akwati ne da katin da ke haɗa shi da kwamfuta.

Sai ramin da katin zai shiga. Tsofaffin Mac na amfani da NuBus kafin su koma PCI a tsakiyar shekarun 1990. AdLib da Sound Blaster 16 da AWE32 da Gravis Ultrasound duk katunan ISA ne, ramin da ya ɓace daga kwamfutoci wajen shekarar 2000. Ko PCI ɗin ma akwai mai bolt 5 da mai 3.3, ana gane su ta tsagar da ke ƙasan katin.

MIDI a Sound Blaster ta kafar wasa mai fil 15 take fita, sai da wayar da ke juya ta. Wasu tsofaffin manhajojin DOS kuma suna buƙatar MPU-401 ta gaske mai cikakken aiki, Sound Blaster kuwa sauƙaƙan yanayin kaɗai take kwaikwaya. Ƙaramar manhajar SoftMPU na cike wannan giɓi a lokuta da dama.

Ka nemo direba tun kafin ka biya kuɗi, domin kati mai lafiya da babu direbansa na tsarin da kake amfani da shi bai da amfani. Kalmar "ba a gwada ba" a tallar kaya kuma ka ɗauke ta a matsayin cinikin biri a sama. Ka nemi hoton kayan a kunne, da hoton fanel ɗin daga kusa.

Yaya zan shigar da abin da na sauke cikin kwamfutar da ba ta da USB?

Atari ST ce mafi sauƙi, domin tana karanta faifan 720KB da aka tsara a PC. Amiga ba haka ba: faifanta na 880KB ne kuma injin filofi na PC ba ya iya karanta shi ta hanyar da aka saba. Faifan Mac na 400KB da 800KB ma haka, saboda injin Apple na sauya gudun juyawa gwargwadon inda yake karantawa. Injin filofi na USB ba zai taimaka maka da waɗannan biyun ba.

Yau an sami mafita. Gotek na'ura ce da ke zama a gurbin injin filofi, tana karanta kwafin faifai da aka mayar fayil daga filas, musamman idan an sa mata manhajar FlashFloppy. A gurbin tsohon rumbun ajiya nau'in SCSI akwai BlueSCSI da ZuluSCSI masu aiki da katin SD, Atari na da UltraSatan, PC da wasu Amiga kuma na karɓar katin CompactFlash a kafar IDE.

Idan kana da faifan asali, aikin farko shi ne kwafe shi. Maganaɗisun faifai na raunana da shekaru, wasu sun yi fumfuna, kuma kowace karantawa na iya zama ta ƙarshe. Na'urorin Greaseweazle da KryoFlux suna kwafe abin da ke kan faifan tun daga tushe, ba fayilolin kaɗai ba. Faifan da aka ga tabo a kansa kada a tura shi cikin inji, zai ɓata kan injin ya kuma karce na gaba.

Kwamfutar ta iso. In kunna ta kawai?

A'a, buɗe ta tukuna. Batirin agogo shi ne ya fi kashe waɗannan na'urori. Na Amiga 500 Plus da 2000 da 3000 da 4000 yana yoyo ya cinye layukan fanel, na tsofaffin Mac ma yana fashewa a ciki. A cire shi nan take. Kafasitocin Amiga 600 da 1200 da Macintosh SE/30 sun yi suna wajen tsiyaya, kuma sau da yawa sauti ne ke fara nuna alamar: ya yi ƙasa, ko ya shaƙe. Canza su aikin mai gyara ne da ya iya soda. Tsohon akwatin wuta na Commodore 64 idan ya lalace yana tura wutar da ta wuce bolt 5 ya ƙona guntaye, har da SID ɗin da aka sayi kwamfutar dominsa, don haka a auna shi ko a sauya. A kuma karanta abin da aka rubuta a bayan kowace na'ura: kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, na Turai 230.

Manhajar kwaikwayo ba ta isa ba?

Ga wasu ayyuka ta isa, har ma na fi ba da shawarar a fara da ita. Hatari na kwaikwayon Atari, WinUAE Amiga, DOSBox da 86Box tsohuwar PC, Basilisk II da SheepShaver kuma Mac. Da su za ka gwada manhaja ka ga ko ta kwanta maka kafin ka shiga neman ƙarfe. Inda suke gazawa shi ne makulli da katunan musamman, domin babu inda za ka soka dongul na Atari ko katin NuBus a kwamfutar yau. Daidaiton bugun MIDI ma ya koma hannun sabuwar kwamfutar da wayar USB.

Ga mai son ceto tsofaffin waƙoƙi kawai, hanyar a taƙaice take. A kwafe faifan, a buɗe waƙar a manhajar da ta yi ta, a fitar da ita a matsayin daidaitaccen fayil na MIDI wanda kowace manhajar yau ke karantawa. Sai dai fayil ɗin umarni kaɗai yake ɗauke da shi. Idan an rubuta waƙar don na'urar fitar da sauti irin Roland MT-32 ko Sound Canvas SC-55 ko wata na'urar Akai mai nata faifan sauti, sai an nemo ita ma, ko a rubuta wace tasha ke kaɗa wane sauti tun waƙar tana buɗe a tsohuwar manhajar.