Waiwaye: Gardamar da ta haifi bishiyar shafin intanet

Duk shafin da ka buɗe a waya, ko a Kawo kake ko a Barnawa, abin da ya iso maka dogon rubutu ne da ake kira HTML, mai cike da alamomi irin su <p> da <table>. Burauza ce ke karanta shi ta gina bishiya: <html> tushe, <head> da <body> manyan rassa, sakin layi da hotuna su rataya a jikinsu. Sunan bishiyar DOM, kuma W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tsayar da ƙa'idarta ta farko a 1998. Abin da aka daɗe ana sa-in-sa a kai shi ne yadda za a yi da rubutun da ya zo a karkace, alhali yawancin shafuka a karkacen suke.

Tim Berners-Lee ya fito da HTML a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990, ya aro salonsa daga SGML, ƙa'idar sa wa rubutu alamomi ta 1986. A takarda, har HTML 4.01 na 1999 ɗan SGML ne. A aikace kuwa, burauzojin Netscape da Internet Explorer na rububin jama'a, kowace tana lallaɓa shafi duk lalacewarsa, don wadda ta ƙi nunawa ita za a guje wa. Kowace da irin facinta, sai shafi ɗaya ya haifi bishiya biyu.

A 2000 W3C ta gwada tsauri da XHTML 1.0, wato HTML da aka sake tsarawa bisa XML, salon da ba ya yafe kuskure. In an aiko shafin a matsayin XML, ka manta rufe alama ɗaya, saƙon kuskure kawai mai karatu zai gani. Masu gina shafuka suka ce ba da su ba.

Mafita ta zo daga WHATWG, ƙungiyar da mutanen Apple da Mozilla da Opera suka kafa a 2004, Ian Hickson na riƙe da alƙalami. Maimakon hana kuskure, sai suka rubuta dalla-dalla abin da za a yi da kowane irinsa. Ka buɗe <b> sannan <i>, ka rufe <b> tukuna? Akwai matakan gyara. Rubutu ya faɗa cikin tebur ba a cikin ɗaki ba? A fito da shi a ajiye gaban teburin. Ba ka sa <tbody> ba? A sa maka. W3C ta amince da HTML5 a 2014, a 2019 kuma ta bar wa WHATWG ragamar HTML da DOM.

Burauzoji sun daidaita, amma kayan aikin masu rubuta manhaja suna ɗauke da ragowar tsohuwar rigimar, a matsayin zaɓuɓɓuka. Matasan Kaduna da ke tattara labaran Hausa da Python sun san Beautiful Soup, kayan aikin tsinto bayanai daga shafuka, wanda Leonard Richardson ya fara a 2004. Kai ke zaɓar masa mai gina bishiyar: html.parser, lxml ko html5lib. Ba shi <a></p> ka gani. Da html.parser, <a></a> kawai za ka samu. Da lxml, a ƙara <html> da <body>, a watsar da </p>. Da html5lib, a ƙirƙiri sakin layi fanko cikin <a>, har da <head>, kamar yadda burauza za ta yi. Shi ya sa ɗalibi zai kwafo hanyar reshe daga burauza mai ɗauke da tbody, manhajarsa ta dawo hannu rabbana, don html.parser da lxml ba sa ƙara tbody. A ganina, mai son abin da ido ke gani ya ɗauki html5lib, sai dai ba shi da sauri. Mai shafuka dubbai da batirin da ke jiran a kawo wuta, lxml ya fi masa.

Zaɓin da ya fi shafarmu shi ne na tsarin haruffa. Tsohon loadHTML, mai karanta HTML a harshen manhaja na PHP, in shafi bai faɗi tsarinsa ba, yakan ɗauka ISO-8859-1 ne, tsarin da babu ƙ, ɗ ko ɓ a ciki. Sai "ƙasa" ta fito da baƙaƙen da ba mai iya karantawa, dole a nuna masa UTF-8, tsarin da ke ɗauke da su, tun farko. PHP 8.4 da ya fito a Nuwamban 2024 ya zo da Dom\HTMLDocument mai bin HTML5, amma tsohon na nan daram, kuma manhajojin da aka gina a kansa ba su sauya da kansu ba.